Hannun Uwar Amarya

Ku ajiye gimbal ɗin nan, sandar hana kyamara girgiza, tukuna, ba guduwa zai yi ba. Tun da kuka fara zuwa shagon nan nake lura da ku. Kowa ya tambaye ni yaushe zan bar shi ya tashi diron, ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto, amma har yau ba wanda ya tambaye ni yadda ake shiga gidan biki a gaishe da mutane. Shekaranjiya ma na ji ɗayanku yana cewa bidiyon biki ai ko wayar hannu tana yi. Da gaskiyarsa, wuƙa ma kowane gida akwai ta, amma in an tashi fiɗa mahauci ake nema. Ku matso kusa in ba ku labarin aikin da nake ɗaga kai da shi.

Sai dai ku fara sanin inda na fito. A Kwararafa, nan cikin Jos, na koyi sana'a, wajen Oga Lasisi, wani Bayarabe mai shagon hoto, Allah ya ji ƙansa. Kyamarar lokacin mai kaset ce, a kafaɗa ake ɗora ta, in ka yini da ita ka kwana da ciwon wuya. Fitilar da muke haskawa kuwa zafinta har narkar wa amarya da hoda yake yi, ka ga ƙawaye suna mata fifita suna zaginmu. Na daɗe ban taɓa kyamarar ba, waya nake ja a baya kada wani ya yi tuntuɓe. Da na fara ƙorafi sai Oga ya cika kwanon sha da ruwa fal, ya ce in kai bakin titi in dawo, in ɗigo ya zuba a sake. Masu shagunan layin suka samu abin dariya, har wani tela ya laƙaba mini Mai-ruwa. Tafiyar nan da nake yi in ina ɗauka, gwiwa a ɗan lanƙwashe, dunduniya kafin yatsu, wadda kuke cewa ta agwagwa ce in na juya baya, a bakin kwanon nan na same ta.

Yana da magana ɗaya da yake yawan maimaitawa da Hausarsa ta kasuwa: "Danlami, ido biyu Allah ya ba ka. Ɗaya na kamara ne, ɗaya na jama'a. Kai rufe ɗaya, ni kore ka." Shi ya sa har gobe ba na rufe idon hagu. Na dama yana kan ango da amarya, na hagun yana yawo cikin taro yana neman wadda ke share hawaye a ɓoye da wanda ya ji haushin wurin zaman da aka ba shi.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce wadda rikici ya raba gari, Musulmi gefe, Kirista gefe, ku kuna yara lokacin. Na riga na buɗe shagona a Anguwan Rogo, na karɓi ayyukan coci, ga shi ba halin tsallakawa. Kyamara ta daɗe a akwati har gilashinta ya fara fumfuna saboda damina, ni kuma na koma ɗaukar hoton fasfo. A nan na san Ladi, wannan da kuke kira Anti Ladi kuna jin tsoronta. Kirista ce 'yar wajen Bukuru, ita ma a hannun Oga Lasisi ta koya bayan na tafi. Ta kira ni ta ce tana da ɗaurin aure a wajenmu, na ce ni ma ina da na coci a wajensu. Ta ɗaukar mini, na ɗaukar mata, muna haɗuwa a bakin kasuwar Taminus mu miƙa wa juna kaset kamar 'yan fasa-ƙwauri. Da gari ya lafa sai muka ga ai haɗin ya fi: ni ina shiga masallaci da zaure, ita tana shiga har ƙuryar ɗakin mata inda ko inuwata ba ta isa ta kai ba. Muka haɗa shago.

To ga aikin. Wata rana da hantsi wata budurwa ta shigo nan, inda kuke zaune ɗin nan ta zauna. Mu ce sunanta Sakina, ma'aikaciyar jinya ce, 'yar bayan layinmu. Tare da ita akwai wanda zai aure ta, Wasiyu, Bayarabe Musulmi ɗan Ogbomosho. Bautar ƙasa ce ta kawo shi Jos, sanyin garin ya riƙe shi, Sakina ta ƙara masa ƙulli. An sa rana. Ɗaurin aure a Anguwan Rogo, liyafar rana a wani zauren taro a Rayfield, in sati ya zagayo a kai amarya Ogbomosho, don can ya samu aiki kuma can za su zauna.

Na fara zuba musu tallar da muka saba, diron daga sama, hayaƙi a ƙasa, shigowar amarya a hankali kamar a fim. Ta bari na gama tas.

"Baba Ɗanlami, duk ba wannan ya kawo ni ba. Inna nake so ta fito a bidiyon."

"Ai wannan mai sauƙi ne, 'yata."

"Ni ce 'yar fari."

Na san mahaifiyarta, Hajiya Gambo, mace ce mai riƙe da al'adar iyaye gam. Tun da ta haifi Sakina ba ta taɓa kiran sunanta ba, daga "ke" sai "waccan". Ba ta yabonta a gaban mutane, in ana maganarta ma tashi take yi. Kunyar ɗan fari ke nan, kara ce, ba ƙiyayya ba, mu duk mun san haka. Irin wannan matar ko da ƙugiya ba ka jawo ta Rayfield ta zauna a babban tebur ana yi mata liƙi.

Wasiyu ya gyara zama ya ce da Hausarsa mai mai da mace namiji, "Baba, wahala yana gida ne. Kakana, Iya Agba, shi ne babba a gidanmu, ƙafa ba ya barin shi tafiya. Wasu sun je sun gaya masa wai Hausawa ba su so ba ni yarinya. Na yi bayani, na yi bayani, ya ce story ne. A wajenmu mama na amarya shi ne yake rawa pass kowa. Ya ce zai gani da ido a bidiyo."

Sakina ce ta ƙarasa mini. A al'adar su Wasiyu in an kawo amarya, a bakin ƙofa ake wanke mata ƙafa kafin ta shiga, kuma sai babbar gida ta fito ta sa albarka. Tsohuwar, kakar Wasiyu, ta rantse ba za ta fito wa yarinyar da uwarta ba ta bayar da zuciya ɗaya ba. In haka ne, a shigo da ita kamar kowace baƙuwa.

"Baba, ba ni da kowa a garin nan," in ji ta. "In tsohuwar nan ba ta fito ba, haka zan ƙare a gidan ana nuna ni da baki."

Na ji tausayinta ƙwarai, na ce ta je, Allah zai kawo dabara. Ni kaina a lokacin ban san ta inda zan ɓullo ba.

Na san abin da ke ranku, don a fuskarku yake. Ina da dogon gilashi mai jawo nesa, ga benen maƙwabta, a hau a ɗauko fuskar Hajiya tana tsakar gida, shi ke nan. Ladi ta riga ni faɗa: "Oga, wannan sata ne, ni ba na ciki." Ni ma ba na ciki. Ranar da Anguwan Rogo ta ji mai bidiyo yana leƙen matan aure daga bene, ranar zan haɗa kayana. Kuma ko an sato fuskar me za a gani? Mace irin Hajiya a bikin 'yar fari ɗaure fuska take yi tamau, da gangan, kada a ce tana murna ko tana kuka. In tsohuwar Ogbomosho ta ga wannan fuskar, ai mu da kanmu muka kai mata shaidar da take nema.

Sai na sa hula na tafi roƙo. Na nemi izinin maigidan, aka yi mini shimfiɗa a zaure, Hajiya ta zo ta tsaya a bayan labulen ƙofa.

"Hajiya, barka da hidima. Allah ya sanya alheri."

"Amin, Malam Ɗanlami. In maganar hoto ce, ga ƙannena nan birjik, ka ɗauke su."

"Ke ake so."

"Ni? A bikin waccan? Haba Malam, kai ma ai ba yaro ba ne."

Na kwashe maganar tsohuwa da wankin ƙafa na gaya mata, ban rage komai ba. Can ta ce, "Ta yi haƙuri. Ni ma uwata ba ta zauna a nawa ba, kuma ba ƙina take yi ba. In na hau kujerar nan jama'a suna kallona, wallahi gara ƙasa ta tsage in shige."

Tana maganar ne ta dafa bakin ƙofa, hannunta ya fito ta gefen labule. Duk ƙullun alkaki ne a yatsun, ga tabon mai sabo a bayan hannun, ga tsofaffi a ƙarƙashinsa. Na daɗe ina kallonsa.

"Hajiya, fuska taki ce, na bar miki. Hannu fa?"

Ta yi dariya. "Hannu? Me za ka yi da hannun tsohuwa duk ƙuna?"

"Ladi ce za ta shigo, ba ni ba. Ba za ta ce ki tsaya ba, ba za ta ce ki sake ba, kuma kyamara ba za ta wuce gwiwar hannu ba. In an gama ke za ki fara gani. Abin da ba ki so, a yanke."

"Kai dai akwai fitina. To ta zo. Amma in ta tare mini hanya, tuƙin tuwo zan sa ta."

Yanzu ku buɗe kunne, don nan sana'ar take. Manyan kayan nan da kuke so duk a shago muka bar su. Na ba Ladi ƙaramar kyamara da gilashi mai lamba tamanin da biyar, na ce ta buɗe idonsa har ƙarshe. In ka yi haka abin da ka nufa kaɗai ke fita tar, duk na bayansa ya narke, ko Hajiya ta sunkuyo fuskarta ba za ta ganu ba. Wahalarsa ita ce hannu ba ya zama wuri ɗaya, ya ɗan matsa kaɗan hoto ya dushe, don haka da yatsa za ta riƙa bin sa, ba ta bar wa na'ura ba. Na liƙe jar fitilar kyamarar da baƙin salatif, don mutum in ya ga jan nan sai jikinsa ya sandare. Ba fitila, ba gimbal, ɗakin ma ba wurin juyawa. Na ce ta kashe ƙwan lantarki ta yi aiki da hasken ƙofa, don in ka haɗa su biyu fata sai ta koma kore. Ta matse gwiwar hannu a ciki, ta ɗauka da saurin da za mu iya rage wa gudu daga baya. Sai ƙaramin rikoda da ta tura ƙarƙashin gefen tabarma, ya kwaso ƙarar murfi da ta mai a kasko.

Ladi ta ɗaura zane ta shige cikin matan gida har aka manta da ita. Tuwon ma sai da ta tuƙa, ta dawo tana nuna mini kanta a tafin hannu. Amma abin da ta kawo ya biya. Ga hannu yana murɗa alkaki, yana tsamo dubulan, yana goge kwanukan jere ɗaya bayan ɗaya, ya koma ya sake goge wanda ya riga ya goge. Ga shi yana barbaɗa turaren wuta a kasko, hayaƙin ya tashi hasken ƙofa ya kama shi ta baya. Wanda ya fi burge ni shi ne inda take ɗura kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa a leda, ta ɗaure, ta auna a tafi, ta kwance ta ƙara. Wani ya gaya mata ba a samun kuka a ƙasar Yarabawa.

Ranar liyafa ni na riƙe Rayfield. Kun san gizagizan garin nan ba su da alkawari, yanzu rana, yanzu inuwa, shigowar motoci kawai sai da na yi ta murɗa baƙin gilashin gaban kyamara kada fararen kayan ango su ƙone hoton. Diron ya tashi, ya ɗauko duwatsu da ruwan tsohon ramin kuza, komai ya yi kyau. Dangin ango sun zo da ankonsu, ɗaurin kai kamar faifai, uwar ango ta shigo da rawa tun daga bakin ƙofa. Kusa da kujerarta an ƙawata wata irinta sak. Mai gabatarwa ya kira uwar amarya, ya sake kira. Wata gwaggon Sakina ta miƙe ta ɗaga hannu, aka tafa, amma kujerar ba wanda ya hau. Na ga uwar ango ta kalle ta, ta taɓe baki, ta raɗa wa ta kusa da ita magana.

Abin da kowane mai bidiyo zai yi shi ne ya karkata kyamara ya fitar da kujerar daga hoto. Ni ma hannuna har ya fara. Sai na tuna matar nan za ta riga bidiyona isa Ogbomosho, kuma da bakinta za ta tafi. In na ɓoye kujerar na zama maƙaryaci, duk abin da zan nuna bayan nan ba mai yarda. Na ɗora kyamara a kan silaida, ƙarfen nan da take zamewa a kai, na tura ta a hankali har kujerar ta cika hoton, ba kowa a kanta, kiɗa yana tashi.

Bayan la'asar aka dawo da amarya gida sallama, don daga nan masauki za a kai ta ta jira ranar tafiya Ogbomosho. Ladi ta riga ta maƙala mata ƙaramin makirufo a ƙarƙashin mayafi, ta shige ɗakin Hajiya ta zauna a ƙasa a lungu. Ni ina zaure da abin ji a kunne, ina jin komai, ba na ganin komai. Na ji an durƙusar da Sakina tana shessheka. Na ji gwaggo tana cewa, "Yaya, ki yi mata faɗa mana." Can muryar Hajiya ta fito a bushe, kamar mai aiken yaro sayen gishiri.

"Ki yi haƙuri da mutane. Allah ya yi miki albarka. Ku tafi da ita."

Na ce shi ke nan, wannan muryar in tsohuwa ta ji, mun kaɗe. Sai kuma na ji motsi, na ji gwaggo ta rage murya.

"Yaya, saki mana. Yaya, motoci suna jira. Saki, don Allah."

Ban san me ake saki ba. Da aka fita da amarya Ladi ta fito idonta jajir, ta miƙo mini kyamara.

"Oga, kar ka tambaye ni. Je ka gani. Hoto bai dushe ba."

Washegari da safe na zuba a kwamfuta. Ashe bakin Hajiya ne ya ce a tafi, hannun bai ce ba. Ta kama gefen mayafin Sakina ta naɗe a yatsu. Gwaggo ta ɓamɓare yatsa ɗaya, kafin ta kai na gaba na farkon ya koma. Jijiyoyin bayan hannun duk sun tashi, tabon man nan yana sheƙi. Kuma Ladi, Allah ya yi mata albarka, ba ta ɗaga kyamarar ko kaɗan ba, ga kuka tana yi, ga yatsanta yana bin hoton. Ni da na ɗauki bukukuwan da ban san iyakarsu ba, na zauna a gaban kwamfuta na yi hawaye.

Wajen tacewa na yi abin da har yau nake yaba wa kaina. Na bar kujerar nan a allo, ba kowa, na janye kiɗan a hankali, na shigo da ƙarar mai a kasko tun hoton bai sauya ba. Kunne ya riga ido isa Anguwan Rogo. Mai kallo yana cikin tambayar ina matar take, sai na yanka, ga hannu a bakin kasko. Daga nan na riƙa kai da komo, uwar ango tana juyi a Rayfield, hannu yana ɗaure kuka, ana liƙi, hannu yana goge kwano. Ban goge tabon ba, ko da yake na'urar tana iya mai da shi sumul. Wurin mayafin na rage masa gudu, na cire kiɗa gaba ɗaya, na bar numfashi da muryar gwaggo. Ku da kuke zuba kiɗa a komai kamar magi, ku riƙe wannan.

Saura alkawari. Ladi ta kai wa Hajiya kwamfuta har ɗaki, ta dawo fuska ba daɗi.

"Oga, Hajiya ya ce na ƙarshe ɗin a cire."

In babu wurin nan, sauran duk ado ne, kowace mai aikin biki ma tana soya dubulan. Na koma zauren.

"Hajiya, alkawari kaya ne. In kin ce a cire, an cire."

"Mutane za su ce ba ni da kara, Malam."

"Ba fuskarki, ba sunanki."

"Duk unguwar nan wa bai san hannuna ba?"

Wannan kam gaskiya ce, ban ja ba. Har na fara laluben takalmina sai ta ce, "Tsohuwar nan, ita za ta gani?"

"Ita."

"To a bar mata. Amma na Jos a cire."

Bidiyo biyu na fitar. Shi ya sa ko kun kwana kuna bincike a kwamfutar nan ba za ku ga wurin ba, kuma sunayen da nake gaya muku ma ba nasu ba ne.

Da ni aka tafi kai amarya, don su ma suna so a ɗauki tarbar. Hanyar Ogbomosho ba kusa ba ce, muka isa jiki duk ya yi tsami. Motoci suka tsaya a ƙofar wani babban gida na gado. Ga ƙwarya da ruwa an ajiye a bakin ƙofa, ga mata sun yi cirko-cirko, ba wadda ta taɓa ta. Aka bar Sakina a mota da gwaggonta. Ni da Wasiyu muka shiga falon tsohuwa.

Iya Agba 'yar ƙarama ce, ta tsufa tukuf, ƙafafunta a kan matashi, amma idonta ras. Uwar ango tana gefenta, da gani ta riga ta sauke labarinta. Aka ta da janareto, na jona a talabijin, mata suka cika ɗakin har bakin taga. Ni ban kalli allon ba, na san abin da ke ciki, tsohuwar nake kallo. Diron ya wuce, ko gezau. Da kujerar ta fito uwar ango ta nuna da yatsa ta fara zuba Yarabanci. Tsohuwa ta ɗaga mata hannu, ta yi tsit. Ƙarar mai ta shigo, hannu ya bayyana. Ta ɗan matso. Da aka zo wurin leda ta tambayi Wasiyu menene koren garin nan, ya gaya mata, ta gyaɗa kai. Sai mayafin ya zo. Ɗakin nan da ke cike da mata ya yi shirun da har janareton waje kake ji. Ya ƙare, ta ce a maimaita. Na maimaita. Uwar ango da kanta ta ja bakin zane tana goge ido.

Tsohuwa ta ce a miƙo mata sandarta.

Na ɗauki bukukuwan manya a Rayfield, masu kyamara barkatai da abinci har a zubar, an yaba mini, an kira sunana a lasifika. Duk ban ji daɗin da na ji da ganin matar nan ta miƙe ba. Na fizgi kyamara na riga ta fita. Mata biyu suna riƙe da ita, tana jan ƙafa, har bakin ƙofa. Aka fito da Sakina daga mota. A ƙa'ida wata daga cikin matan gidan ce ke wankewa, tsohuwa ta sa baki kawai. Iya Agba ta ce a kawo mata kujera 'yar tsugunno. Ta zauna da ƙyar, ta jawo ƙwaryar, ta wanke ƙafar Sakina da hannunta, dama da hagu, mata suka ɓarke da waƙa. Da ta gama sai ta kama gefen mayafin yarinyar ta naɗe a yatsunta, ta ɗago ta kalli cikin gilashin kyamarata kai tsaye, ta yi magana. Na tambayi Wasiyu me ta ce, da ƙyar ya iya fassarawa don kuka. Cewa ta yi a gaya wa uwar yarinyar nan ta saki, ita ta riƙe.

Da na dawo Jos ko gida ban biya ba, na wuce zauren nan da kyamara a jaka. Na miƙa ta ta gefen labule, na ce Hajiya ta danna nan, saƙo ne aka ba ni. Na ji waƙar matan Ogbomosho tana tashi ƙasa-ƙasa, na ji muryar tsohuwa, na gaya mata ma'anar. Ta daɗe a bayan labulen. Sannan hannun ya fito ya miƙo mini kyamarata.

"Malam Ɗanlami, in kun yi waya da su, ka ce mata na saki."